Wa Ya Yi Waƙar Bagauda?

Waƙoƙin Hausa iri biyu ne wajen sanin mai su. Akwai waɗanda da an ji su an san wanda ya yi su, ko don ya faɗi sunansa a ƙarshe, ko don mutanen zamaninsa sun shaida. Akwai kuma waɗanda aka tashi aka tarar ana yi, kamar waƙoƙin niƙa da na daɓe da na gaɗa, waɗanda ba wanda ya taɓa damuwa ya tambayi mafarinsu. Amma akwai wata waƙa guda a ƙasar Kano wadda ta tsaya tsakani. In ka dubi ƙirarta sai ka rantse aikin malami ɗaya ne, wanda ya zauna bisa buzu da alƙalami da tawada. In kuwa ka nemi sunan malamin sai ka rasa. Wannan ita ce Waƙar Bagauda, wadda ta jero sarakunan Kano tun daga na fari.

Kada mai karatu ya ce wannan gardama ce ta marasa aikin yi. Shaidu biyu ne manya mu ke da su a kan asalin Kano, watau wannan waƙa da littafin nan na Larabci da a ke kira Tarihin Kano, ga shi kuwa bakinsu bai zo ɗaya ba. Alƙali ba ya iya auna maganar shaida sai ya san ko shi wane ne, da inda ya tsaya sa'ad da abin ya faru, da abin da zai samu in an gaskata shi. Saboda haka wanda ya ke so ya san yadda Kano ta kafu, tilas ne ya fara da tambayar bakin da wannan waƙa ta fito.

Yadda waƙar ta ke

Waƙar kashi uku ce. Ta buɗe da ambaton Allah da salati ga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kamar yadda malamai su ke buɗe waƙoƙinsu. Daga nan ta shiga labarin Bagauda da kafuwar gari, sa'an nan ta bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi sunan ko wane da yawan shekarun da ya yi bisa gado. Bayan wannan sai ta juya ta zama wa'azi, tana tsoratad da mutane mutuwa da hisabi, tana hana su ruɗuwa da duniya. An auna baitocinta bisa kari irin na rubutattun waƙoƙi, waɗanda malamai suka ɗauko daga Larabci, ko wane baiti kuwa da "wa" ya ke ƙarewa.

Abin lura a nan shi ne amfanin da aka yi da jerin sarakunan. Maroƙi in ya jero kakannin sarki, don ya kumbura shi ne ya sami riga ko doki, ba ya kuwa tuna masa kabari. A wannan waƙa an jero su ne don a nuna duk sun wuce, mai shekara hamsin da mai wata uku, ba wanda ya tafi da ko zare ban da likkafani. Watau sarakunan hujja ce, wa'azin shi ne hukunci.

Wanda ya fid da waƙar ga masanan duniya wani Baturen Ingila ne, Mervyn Hiskett, wanda ya yi aikin koyarwa a Makarantar Koyon Larabci ta Kano. Ya buga ta kashi uku, da fassara da sharhi, a 1964 da 1965, cikin mujallar makarantar nan ta London mai nazarin ƙasashen Gabas da Afirka. Shi kuwa Tarihin Kano ya riga ta shiga ɗab'i da nisa. H. R. Palmer, wanda daga baya ya zama Gwamnan Arewa, shi ya juya shi da Ingilishi a 1908. Aka kuma juya shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda Ofishin Fassara na Zariya ya shirya a ƙarƙashin R. M. East, ya fito a 1932 da 1933. Wannan rigaye ya sa 'yan makaranta suka tashi da labarin littafi, suka ɗauki waƙar kamar ƙanwarsa. Za mu ga ko haka ne.

Masu cewa ta zamanin Haɓe ce

Ra'ayi na farko shi ne waƙar tsohuwa ce ƙwarai, daga fadar sarakunan Haɓe ta fito, tun kafin jihadi. Hujjar masu wannan magana ita ce, wa zai san sunayen sarakuna arba'in da wani abu da shekarunsu in ba mutanen fada ba, waɗanda aikinsu ke nan, uba ya koya wa ɗa? Suna kuma cewa Fulanin da suka kori Sarki Muhammadu Alwali a 1807 ba su da dalilin wahalad da kansu wajen adana sunayen waɗanda suka kawar. Haka kuma ba Kano kaɗai ke da wannan al'ada ba. Barno tana da girgam, watau jerin sarakunanta, wanda Bajamushen nan Barth ya sami kofensa a Kukawa cikin tafiyar da ya biyo ta Kano a 1851.

Wannan hujja tana da ƙarfi, amma a kan sunaye kaɗai ta tsaya. Lalle sunayen sun girmi jihadi, ba mai musun wannan. Sai dai suna daban, waƙa daban. Kiɗan fada yana da amshi da 'yan karɓi, da tambari ko kotso ko taushi a ke yinsa, ba a kuwa ɗaure shi da harafi ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Waƙar Bagauda ba ta da ko ɗaya daga cikin alamun nan na fada. Murya ɗaya ke rera ta, ba kiɗa, kamar sauran waƙoƙin wa'azi da makafi da almajirai su ke bi ƙofa ƙofa da su.

Masu cewa malamin bayan jihadi ne

Ra'ayi na biyu shi ne wani malami ne na zamanin Fulani ya tsara ta. Hujjarsu ƙirar waƙar. Gaskiya ne Musulunci ya daɗe a Kano kafin jihadi. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo da shi zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Shaihu Maghili kuma ya sauka zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Saboda haka wa'azi shi kaɗai ba ya nuna zamani. Amma malaman wancan lokaci da Larabci su ke yawancin rubutunsu. Waƙoƙin Hausa da a ke danganawa ga mutanen kafin jihadi, irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani na Katsina a ƙarni na 17, kaɗan ne, su ma ba su tsira daga gardama ba. Ambaliyar wa'azi da Hausa bisa karin Larabci, daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'ya'yansa da almajiransu ta taso. Wanda ya ji Waƙar Bagauda ya kuma ji waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 ya san 'yan ɗaki ɗaya ne.

A nan ma akwai abin da ya hana maganar cika. Jerin bai tsaya ga Alwali ba. Ya bi Sulaimanu da Ibrahim Dabo da 'ya'yan Dabo, ya ratsa basasar Tukur da Alu, har ya shigo sarakunan zamanin Turawa. Daga faɗuwar Alwali a 1807 zuwa naɗin Abbas a 1903 shekara 96 ke nan. In malamin ya yi waƙarsa zamanin Dabo, wanda ya rasu a 1846, to wa ya sa Abbas a ciki? In kuwa a zamanin Turawa ya yi ta, ina ya samo labarin farko, wanda ba ya cikin littafin da fada ta sani? Ko ta ina aka ɓullo, hannu ɗaya bai isa ba.

Akwai kuma al'adar malamai wadda ya kamata a tuna. Mai rubutacciyar waƙa ya kan rufe ta da sunansa, da na mahaifinsa ko garinsu, wani lokaci har da ramzi, watau haruffan da in an lissafa su za su ba da shekarar da aka gama. Don haka ne Imfiraji ta bi bakin makafi ta gama ƙasar Hausa, amma ba wanda ya ɓata sunan Aliyu Namangi na Zariya. Waƙar Bagauda ba ta iso gare mu da sunan da kowa ya yarda da shi ba. Dalili kuwa a fili ya ke: waƙar da a ke buɗe cikinta a ƙara baiti duk sa'ad da sarki ya rasu, ba ta rufuwa balle a buga mata hatimi.

Masu cewa daga littafi aka ciro ta

Ra'ayi na uku ya fi yawa ga waɗanda suka fara sanin tarihi a aji. Su a ganinsu wani ne ya karanta Tarihin Kano ya mai da shi waƙa don jahilai su samu. Wannan ita ce maganar da ta fi sauƙin rushewa, domin da an aza su gefe da gefe sai a ga ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Littafi ya ce Bagauda ya zo da rundunarsa ya tarad da mutane. Akwai Barbushe a kan Dala, daga zuriyar Dala, mai kula da tsafin Tsumburbura, akwai manyan ƙasa ko wane da aikinsa, har Barbushe ya riga ya gaya musu wani baƙo na nan tafe wanda zai mallake su. Bagauda bai ma zauna a gindin Dala ba, a Sheme ya yi zamansa, sai jikansa Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa. Labarin Daura kuma ya ce Bagauda ɗan Bawo ne, jikan Bayajida, aka ba shi Kano sa'ad da aka raba Hausa Bakwai. In haka ne daga arewa ya gangaro, ta wajen da hanyar Daura ta ke bi yau ta Kazaure da Ɗambatta.

Waƙa kuwa ta ce maharbi ne, ta danganta shi da Gaya, wadda ke gabas da Kano. Ta ce ƙungurmin jeji ya tarar, ba mazauni sai namun dawa, ya sare ya yi gona. Mutane suka biyo shi, aka yi ta sara ana shuka. Ta ambaci waɗansu manyan manoma da sunayen da yau mu ke ji a unguwannin birni, irin su Gwale da Yakasai da Sheshe, ta kuma ambaci garuruwan karkara, irin su Lambu da Tamburawa da Mariri da Gunduwawa. Sa'an nan ta ce aka yi wata muguwar yunwa, ba inda ke da hatsi sai nan, mutanen ƙasashe suka kwararo, ƙauye ya zama birni.

Wanda ya kwafi littafi ba zai zubad da Barbushe da Tsumburbura ba, alhali kuwa su ne abin da mai wa'azi zai fi so ya samu don ya zagi tsafi. Ba kuma zai ɗauke Bagauda daga hanyar Daura ya kai shi Gaya ba. Ambaton Gaya yana da nasa tushe dabam, gama Abagayawa, maƙeran Kano, suna cewa kakansu wani maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya zo daga Gaya neman tama ya zauna kusa da Dala. Masu tonon ƙasa kuma sun sami burbushin matoyar tama a Dala, wadda awo ya nuna ta kai wajen ƙarni na 7, watau shekaru ɗaruruwa kafin lokacin da a ke ba Bagauda. Wannan ya gaskata littafi wajen cewa akwai mutane tun da fari, ya kuma nuna labarin maƙera ba tatsuniya ce kurum ba. Ga alama waƙar ta haɗa mutum biyu ta yi ɗaya, ta ɗauki sunan sarkin farko ta aza wa mai saran farko.

Shi kansa littafin da a ke so a mai da shi uban waƙa, ba a gama shari'ar nasa uban ba. Ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello, na 48 a jerinsa, wanda ya rasu a 1893. Akwai masanan da suka kawo hujja cewa a zamanin Bello aka tsara shi, suka kuma danganta aikin ga Ɗan Rimi Barka, babban bawan sarki. M. G. Smith kuwa yana ganin an daɗe ana tara shi, zamani bayan zamani. In maganar farko ce daidai, ba mamaki waɗansu baitocin waƙar sun girmi littafin da a ke cewa daga cikinsa aka ciro su.

Lissafin shekaru

Wanda ya saba da aikin lissafi zai so ya tara shekarun ya gani. Ya kamata a sani shekarun nan da mu ke haddacewa, 999 da sauransu, ba sa cikin Larabcin. Abin da ke ciki shi ne sarki wane ya yi shekara kaza. Palmer ne ya tara su, ya komo da baya daga zamanin da aka tabbatar, ya sami hawan Bagauda a 389 ta Hijira, rasuwarsa a 455. Shekara 66 ke nan ta wata, amma a lissafin Turawa 999 zuwa 1063 ne, shekara 64, domin shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11, abin da ke tara wajen shekara uku cikin ko wace ɗari. Daga 999 zuwa 1807 shekara 808, sarakuna 43. In wuri ɗaya ya goce, duk abin da ke bayansa ya goce tare da shi.

In aka gwada wannan da na waƙa, a sarakunan farko saɓani ya yi yawa, a sunaye da jeri da shekaru. Sai an kusato zamanin da kakannin masu rerawa suka gani da idonsu sa'an nan bakinsu ya ke haɗuwa. Wannan ma shaida ce cewa ko wanne da hanyar da ya biyo. Kari yana da amfani biyu masu gaba da juna. Yana riƙe kalma a wurinta, har yaro ya haddace abin da bai fahimta ba ya kai shi tsufa bai canja ba. Amma kuma yana matsa wa mai tsarawa, in "sittin da shida" ta ƙi shiga baiti sai ya nemi adadin da zai shiga. Saboda haka kada a ɗauki shekarun waƙa a kafa tarihi da su, kada kuma a yar da sunayenta don littafi bai san su ba.

Bakin manoma

Saura tambaya ɗaya, ita ce kuwa ta fi nauyi. Su wane ne za su tuna kafuwar Kano da gatari da rumbu, su manta da runduna? Amsa tana ga wanda ya fita ta Ƙofar Mazugal ko Ƙofar Ruwa ya nufi arewa, ƙasar Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi har Ɗambatta. A nan gona tana jingine da gona, gida yana hangen gida, da wuya ka ga saura. Shekara da shekaru a ke noma wuri ɗaya ba hutu, gero da dawa da wake da gyaɗa a haɗe, ƙasa kuwa ba ta mutu ba, domin taki. A zamanin da a kan kai itace birni bisa jakuna a komo da shara da toka a zuba. Ba a sare gawo, don yana zubad da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa su bar taki. Ko wace ɗorawa da ko wace kuka tana da mai ita. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin wannan karkara tun daga shekarun 1960, don mamakin yadda ta ke ɗauke da jama'a mai yawa haka ba ta gaji ba.

A wurin mutanen nan, asalin mallaka shi ne sara. In gardamar gona ta kai gaban dagaci, tambayar farko ita ce kakan wa ya sari wurin. Shari'a ma ta san wannan, gama a littattafan Malikiyya akwai babin rayad da matacciyar ƙasa, wanda ya raya ta shi ke da ita. To, mutumin fada in an tambaye shi dalilin da ya sa gidan Bagauda ya mallaki Kano, zai ce jini ne da takobi. Manomi ba ya gane mallakar da ba sara a cikinta, saboda haka da ya tashi ba da labarin sarkin farko sai ya miƙa masa gatari. Malamin da ya tsara waƙar kuwa bai ga abin gyara a nan ba, tun da ya dace da abin da ya karanta.

Haka kuma zancen yunwa. Mutanen wannan karkara ba a waƙa kaɗai suka san shi ba. A yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a ke kira Kakalaba, mutanen arewa sun gangaro ƙasar Kano neman abin kai wa baka, da yawa suka mutu a hanya. An sake yi a 1927, shekarar 'Yar Buhu. A farin 1972 zuwa 1974 an kuma ganin Buzaye da mutanen Nijar sun cika gari. Yau ma kasuwar Dawanau, a ƙasar Dawakin Tofa, tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, daga nan a ke lodi zuwa Nijar da Chadi da gaba. Ko wane tsara ya ga abin da waƙar ta faɗa da idonsa, shi ya sa wannan yanki nata bai faɗi daga bakin mutane ba. Mai hankali zai iya cewa watakila wani mai rerawa ne ya shafa wa zamanin Bagauda launin abin da ya gani a nasa zamani. Ko da haka ne, shaidar ba ta ɓaci ba, sai dai ta koma shaida a kan abin da talakawan Kano suka ɗauka shi ne ƙarfin ƙasarsu, watau hatsi.

Hukunci

In an tara duk wannan, za a ga tambayar nan, wa ya yi Waƙar Bagauda, tambaya uku ce aka cusa cikin riga ɗaya. Wa ke da labarin? Sunayen sarakuna na masu adana su ne tun zamanin Haɓe, labarin sara da yunwa kuwa na manoma ne da maharba da maƙera. Wa ya ɗaura shi bisa kari ya aza masa wa'azi? Malami ne, ƙirar aikinsa kuma tana nuna ƙarni na 19. Wa ya kawo jerin har zamanin Turawa? Waɗanda suka gaje ta, ko wane ya ƙara sarkin da ya rasu a gabansa, ya bi harafin da ya tarar. Masu ra'ayi na farko da na biyu duk sun faɗi gaskiya, kuskurensu ɗaya ne, kowa ya kama ƙafa guda ya ce ita ce raƙumin.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tabbat Haƙiƙa Shehu Usmanu ne ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta juya ta da Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Hannu uku ke nan cikin waƙa ɗaya, sai dai su an san su don 'yan gidan Shehu ne, almajirai sun kiyaye. A zamanin En'e ma haka littafin haraji ya ke. Masu unguwa su kawo sunaye, dagaci ya shaida, malamin hakimi ya rubuta, baɗi wani malamin ya soke wanda ya mutu ya ƙara wanda ya isa. Bayan shekara ashirin, in ka ce littafin wane ne, ba amsa, amma mai duba da kyau zai rarrabe hannu da hannu. Bambancin kawai shi ne, a waƙa baki ya kan goge hannun. Ko Turawa sun yi fiye da shekara ɗari biyu suna irin wannan gardama a kan Homa, mawaƙin Yunanawa na da, ko mutum ɗaya ne ko taron mawaƙa, ba su kuwa rage darajar waƙoƙin don wannan ba.

Abin tsoro biyu ne. Na farko, kada son a ce komi yana da mai shi ya sa a laƙa wa waƙar sunan wani malami don a faranta wa zuriyarsa ko garinsu. Ranar da aka yi haka an mai da shaidar jama'a ta zama ta mutum ɗaya, wanda ya ga dama ya ce ƙarya ya yi. Na biyu, kada a ɗauki wadda aka buga a ce ita ce sahihiya, sauran kuskure ne. Abin da Hiskett ya buga hoto ne na yadda ya same ta a lokacinsa. Rediyo da kaset da wayar hannu sun canja abin da mutane ke saurare da dare, masu haddace dogayen waƙoƙi kuwa tsufa su ke yi.

Saboda haka ga roƙo ga malaman makarantu da ɗalibai da duk mai alƙalami a karkarar Kano. Wanda ya sami tsoho ko tsohuwa ko makaho mai ko da baiti goma na wannan waƙa, ya zauna ya ɗauka yadda ya ji. Ya rubuta garin, da shekarar, da wurin wanda mai rerawa ya koya. In ya ji sunan da ba ya cikin littafi, ko shekarun da suka saɓa wa na makaranta, kada ya gyara, domin wannan saɓanin shi ne abin da a ke nema. Sai an tara na Bichi da na Gezawa da na Gaya da na cikin birni an jera, sa'an nan za a fara gane wane baiti ne tsoho, wane ne aka ƙara, ta wace hanya kuma waƙar ta bi ta shiga ƙauyuka. Da haka a ke gane hannuwan da suka yi aikin, ko da ba a sami sunayensu ba.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka tsara ta da waɗanda suka riƙe ta, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Amin.